Tukunyar amarya: ta jere ce ko ta murhu?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na raka yayata babbar kasuwar Maraɗi sayen kayan ɗakin ɗiyarta da za a aurar. Muna isa layin masu kwanoni ta tsaya cak gaban wani jerin tukwane goma, jajaye daga waje, cikinsu da baƙin shafe mai sulɓi, murafansu na gilashi, hannuwansu na roba. Mai shago ya ce jika 55, ya ƙara da cewa: "Hajiya, ita ake yayi bana." Na ɗaga babbar cikinsu, na ji ba ta fi faranti nauyi ba.

Na ce: "Yaya, wannan fa ba za ta tuƙa tuwo ba."

Ta harare ni. "Ke Madam, kin fara ko? Wa ya ce miki tuwo za a tuƙa a ciki? Ta jere ce. So kike dangin miji su shigo su tarar da ɗakin ɗiyata kamar na gwauro?"

Ban ba ta amsa nan take ba, don a tsakiyar kasuwa ba a jayayya da babba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Abin da nake son faɗa shi ne: a gidajenmu, wadda za ta yi girki ba ita ke zaɓen tukunya ba, idon baƙi ne ke zaɓa mata. Kuma wannan al'ada tana cin kuɗinmu, tana cin itacenmu da gaz ɗinmu, wani lokaci har lafiyar ƴaƴanmu take taɓawa.

Ba daga sama nake magana ba, ni ma na faɗa ramin. Shekara shida da suka wuce na kwashi adashe, na sayi irin wannan jeri, mai tukunya takwas. Wata uku ba su cika ba hannun ɗaya ya narke a kan gawayi. Yarinyar da ke taya ni aiki ta kankare ƙanzon shinkafa da cokalin ƙarfe, shafen ya fara ɓarewa, muka riƙa tsintar baƙaƙen ɓarɓashi a cikin miya. Murfi biyu suka fashe. Kafin shekara ta zagayo, uku sun koma mazubin ruwan kaji, sauran suna saman kabad. Tuwon gidana kuwa har gobe a tukunyar da mahaifiyata ta ba ni nake tuƙa shi, wadda na tafi da ita ƙauyen da aka fara tura ni aiki bayan na fito makarantar horar da malamai, yau fiye da shekara ashirin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni dai ban san rariya na saya ba, domin ban tambaya ba.

A aji muna koya wa yara cewa kafin su warware lissafi su fara duba abin da aka ba su. Wajen tukunya, abu na farko da aka ba ki shi ne wutar da ke gidanki. Yawancinmu a birni muna da wuta iri biyu ko uku a tsakar gida ɗaya: murhun itace, murhun gawayi, da kwalbar gaz. Tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gaz ya shiga gidaje da yawa waɗanda a da ba su san shi ba, amma ba mu bar itace ba, musamman ranar taro ko ranar da gaz ya ƙare ana tsakiyar girki. Kowace wuta da tukunyarta. Wutar itace tana lasar tukunya har gefe, don haka tana son mai zagayayyen gindi, mai kauri, wadda hannunta na ƙarfe ne. Gaz yana bugun gindi kawai, yana son tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi mai faɗi wadda za ta zauna daram. In kin ɗora ƙaramar tukunya a kan babbar wuta, harshen wutar da ya leƙo gefe kuɗinki ne ke tafiya iska. Haka ma murhun ƙarfen nan da ake kira Mai Sauƙi: amfaninsa yana cikin ɗan siririn filin da ke tsakanin bangonsa da cikin tukunya. In murhun na tukunya mai lamba 5 ne kika sa masa mai lamba 2, sauƙin ya tafi, itacen zai ci yadda ya saba. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Ƙaramar kwalbar gaz ta kilo 6, wadda ake ɗora tukunya a kanta kai tsaye, ba wurin tuƙa tuwon mutum goma ba ne. Muciya tana tura tukunya, kwalba tana rawa, ga yaro yana rarrafe kusa.

Baƙin shafen nan da ake cewa ba ya kamu, wanda aka fi sani da sunan Teflon, yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260. Garwashin gawayi da harshen itace sun wuce haka nesa ba kusa ba, kuma ko a kan gaz, tukunyar da aka manta babu komai a ciki tana kai wa nan cikin ƴan mintoci. Waɗanda suka ƙera ta sun yi ta ne don matsakaiciyar wuta, cokalin katako, da soso mai taushi. Ba laifinta ba ne da ba ta jure murhunmu ba. Ƙaramin kasko ɗaya irinta, na soya ƙwai da safe a kan gaz, yana da amfani, ni ma ina da shi. Tukunya goma irinta a gidan da ake cin tuwo kullum kuwa asara ce da aka naɗe cikin kwali mai kyau.

Bayan wuta sai abinci. Mu tsaya mu lissafa abin da muke dafawa a mako: tuwon hatsi ko na masara, shinkafa, wake, dambu, taliya, miyar kuka, ta kuɓewa, ta yakuwa, ta tumatir, sai kunu da suyar ƙosai ko masa. Tuwo yana son tukunya mai nauyi wadda za ta ɗauki dukan muciya, mai kaurin da zai raba zafi ko'ina don kada gindi ya ƙone sama ba ta nuna ba. Alminiyom mai kauri ya iya wannan aiki, domin yana ratsa zafi fiye da inoks sau goma da wani abu. Shi ya sa siririyar tukunyar inoks take ƙona shinkafa a tsakiya, daidai inda wuta ke bugu. In za ki sayi inoks, juya ta ki dubi gindin. Mai kyau tana da faifai mai kauri da aka manna mata, da alminiyom a cikinsa, kuma za ki ji nauyin ya taru a ƙasa. Wadda kika danna gindinta da babban yatsa ta lotsa ta dawo, ki bar wa mai shago kayansa.

Miya kuma wani zance ne daban. Alminiyom ba ya shiri da tsami, ba ya shiri da kanwa. Tumatir, tsamiya, yakuwa, zoɓo da lemon tsami suna cin jikinsa, kanwa ma haka. Duk macen da ta dafa wake da kanwa ta ga yadda cikin tukunya ke yin baƙi, daga baya ya fito da ƙananan ramuka kamar zanzana. Abin da ya bar jikin tukunyar bai tafi ko'ina ba, yana cikin abincin. A nan ne inoks ke da ranarsa, domin tsami da kanwa ba sa yi masa komai a girkin yau da kullum. A nan ne kuma tukunyar ƙasa ke da ranarta, wadda muka raina har muka mayar da ita kayan ƙauye. Har yanzu ana gina tukwane a Mirya kusa da Damagaram, da Bubon a bakin kogi kusa da Yamai, kuma ba su da tsada. Tukunyar ƙasa tana jinkirin ɗaukar zafi, tana fashewa in aka yi mata gaggawa, amma in ta ɗauka tana riƙewa, miya ta ci gaba da ɓararraka bayan an janye itace. Wanda ya ci miyar kuka ta tukunyar ƙasa ya san abin da nake nufi.

Wake shi ne babban maƙiyin kwalbar gaz. Tukunyar matsi, wadda muke kira kokot, tana kulle tururi, sai zafin cikinta ya kai wajen digiri 120 maimakon 100 na tafasar ruwa. Waken da ke cinye fiye da awa ɗaya yana nuna cikin ƙasa da rabin wannan lokaci, ba tare da kanwa ba. Haka ƙafar saniya da kayan ciki. Tana da tsada a ranar saye, tana kuma da dokokinta: in wake ne kada a wuce rabinta, kada a buɗe sai tururi ya gama fita, a riƙa duba ƙofar tururin kada ta toshe. Kafin ki biya, tambayi mai shago ko yana sayar da robar murfinta, don ita ce ke fara mutuwa, kuma kokot marar roba tukunya ce kamar kowace. Ga mai dafa wake sau biyu ko uku a mako da gaz, wannan tukunya ɗaya ta fi jerin goma amfani.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wato tukunyar da kowa ke da ita, wadda maƙeranmu ke zubawa, wadda muke kira tukunyar dalma. Sunan kansa yana rikita mutane. Asalinta alminiyom ce, ba dalma ba. Amma maƙeri ba daga ma'adini yake samun ƙarfensa ba. Tarkace yake saye: gwangwanayen lemo, tsofaffin tukwane, ƙarafan taga, sassan injin mota da na babur, lagireto, da duk abin da ya yi fari ya narke. Yakan narka su, ya zuba a zubin da ya yi da ƙasa, ya goge da magagari, tukunya ta fito tana walƙiya. Wasu daga cikin tarkacen nan suna ɗauke da dalma ta gaske, kuma dalma tana narkewa a digiri 327, tun kafin alminiyom da ke narkewa a 660. Ke nan duk dalmar da ta shiga tukunyar narki ta gauraye. A 2014 an wallafa wani bincike kan irin waɗannan tukwane da ake yi da tarkace a Kamaru, aka ga suna sakin dalma cikin abin da aka tafasa a ciki. A 2017 aka faɗaɗa binciken zuwa tukwanen alminiyom 42 daga ƙasashe 10, aka tafasa ruwa mai ɗan tsami a cikinsu na awa biyu, aka sami 15 suna sakin dalmar da ta kai a damu da ita.

Mu nan ba ma buƙatar a fassara mana gubar dalma. A 2010 maƙwabtanmu na Zamfara sun binne yara fiye da 400 a dalilinta. Waccan daga duwatsun zinariya ta fito, waɗanda ake daka wa a cikin gidaje, kuma yawanta ya wuce abin da tukunya za ta saki nesa. Ta tukunya ba ta kashewa dare ɗaya. Kaɗan-kaɗan take shiga, tana taruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa daga abin da ya ci. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage kaifin fahimta, tana kawo ƙarancin jini, kuma ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa.

Ni malamar makaranta ce. Kowace shekara ina da yara a aji waɗanda nake maimaita musu harafi ɗaya mako guda bai zauna ba. Ba na cewa tukunya ce ta yi musu haka. Akwai yunwa, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai aji mai yara tamanin da malami ɗaya. Amma yawancin waɗannan sun fi ƙarfin uwa. Tukunyar da za ta dama wa jaririnta kunun tsamiya kuwa tana hannunta.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a zubar da tukwanen maƙera. Ni kaina da ita nake tuwo, na faɗa. Maƙeran nan, daga Katako ta Yamai har zuwa unguwanninmu, suna ciyar da iyalai, suna kwashe tarkacen da zai cika mana bola, suna yin tukunyar da talaka zai iya saye, wadda in ta huje a kai musu su liƙe. Wanda ya ce wa matar da ke ƙauye ta jefar da tukunyarta ta sayi inoks bai san ƙauye ba. Abin da nake cewa shi ne a raba wa tukwane aiki. Tuwo, shinkafa, ruwan zafi, a bar su a tukunyar maƙeri. Miya mai tsami, zoɓo, kunun tsamiya, da duk abincin jariri, a mayar da su inoks ko tukunyar ƙasa. Kada abinci ya kwana a cikin alminiyom, a juye shi da an sauke. Kuma mu daina dirzar cikin tukunya da yashi da toka sai ta yi ƙyalli. Dusashewar nan da ke cikinta wata ƴar fata ce da ƙarfen ke yi wa kansa, tana rage abin da ke shiga abinci. Duk ranar da muka kankare ta, mun buɗe sabon jiki. A dirje bayan tukunya yadda ake so, cikin kuwa sabulu da soso sun isa.

In za ki sayi ta maƙeri, je wurin wanda ke zubawa da kansa, ki tambaye shi da me yake narki. Wanda ke aiki da gwangwani da tsofaffin tukwane ya fi wanda ke jefa kayan inji da lagireto. Ranar da masu saye suka fara tambaya, maƙera za su fara tantancewa. Sai dai ido ba ya ganin dalma a jikin tukunya, kuma a nan ne aikin ya bar hannun mata ya koma na hukuma. Muna da jami'o'i a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Me zai hana a sayo tukwane daga kasuwanninmu a gwada, a faɗa wa jama'a sakamakon a rediyo da Hausa da Zabarmanci, a tara maƙera a nuna musu tarkacen da bai kamata ya shiga wuta ba? Su ma hayaƙin suke shaƙa, su da yaran da ke hura musu wuta.

Na san abin da yayata za ta ce in ta karanta wannan, kuma maganarta ba ta banza ba ce. Jere ba wauta ba ne. Yarinya tana barin gidan ubanta ta shiga cikin mutanen da za su auna ta da ido tun ranar farko. Kayan ɗakinta suna gaya musu cewa tana da dangi, ba a tsince ta ba. Kuma kayan nata ne, ba na miji ba. Kakanninmu da suka jera ƙore, iyayenmu da suka jera tasoshi da kwanonin fenti, sun san dukiya suke tara wa ɗiya, wadda in rana ta ɓaci za ta ɗauki ɗaya ta sayar. Na yarda da wannan duka. Tambayata ita ce: jerin tukwane masu shafe da ya sha wuta wata shida, wa zai saye shi? Tsohuwar tukunyar maƙeri ko ta fashe ana sayenta a kan kilo. Inoks mai kauri yana shekara ashirin yana nan. In dukiya muke son ba ɗiya, mu ba ta abin da zai riƙe daraja. In kuma mutunci muke nema mata, dangin miji suna kallon kabad rana ɗaya ne, amma tuwonta za su ci shekara da shekaru.

Maza ma kada su zame. Maigida zai yi kwana uku yana bincike kafin ya sayi salula, ya tambayi batir, ya tambayi kamara. Tukunyar da abincinsa da na ƴaƴansa ke fitowa daga ciki sau uku a rana kuwa bai san kalarta ba, sai ya ce sha'anin mata ne. Amma shi ke cika kwalbar gaz, shi ke biyan kuɗin itace, shi ke ɗaukar yaro zuwa likita. Wanda ya saya wa iyalinsa kokot ko tukunyar miya ta inoks, aljihunsa ya taimaka.

Ga yadda muka ƙare da yayata. Da muka koma gida na bari ta huta, ta sha fura, sannan na kira amaryar na tambaye ta a gabanta: "Ɗiyata, gidan da za ki, da me ake girki?" Ta ce gaz da gawayi, kuma uwar mijin tana gidan, ba ta cin komai da dare sai tuwo. Na ce: "Yaya, kin ji." Ta yi shiru, can ta ce: "To ke me kike so a saya?" Na lissafa mata: tukunyar tuwo mai kauri guda biyu, babba da matsakaiciya, tukunyar miya ta inoks mai nauyin gindi da murfin ƙarfe wanda ya zauna daidai, ƙarama irinta don kunu, kaskon baƙin ƙarfe na suya, madambaci, da tukunyar ƙasa ɗaya. Kokot kuma na ce ni zan saya, ita ce gudummawata. Muka koma kasuwa ranar Litinin da yamma bayan na tashi daga makaranta. Kowace tukunya sai da na ɗaga ta, na ɗora ta a kan tebur na ga ko tana rawa, na ja hannunta na ga ko ƙusa aka dasa masa ko ɗan sukurun da zai kwance, na rufe murfin na girgiza. Mai shagon har ya gaji ya ce: "Madam, jarrabawa kike yi musu?" Na ce masa ƙwarai kuwa.

Jajayen tukwanen fa? Yayata ba ta haƙura ba. Ta sayi ƙaramin jeri mai guda huɗu, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai an ga ja a kabad ɗin ɗiyarta. Ban hana ta ba. Na dai ja amaryar gefe na ce mata su zauna inda aka jera su, kada ta kusantar da su gawayi, kuma ranar da Allah ya ba ta haihuwa, kunun yaron a ƙaramar inoks ɗin nan za ta dama shi.